Mun ƙara injin zIIP amma kuɗin lasisin wata bai ragu ba, ina matsalar take?

Ɗan Nima, Accra

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaida iyayena da yayyena da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe a harkar manyan kwamfutoci, domin akwai matsalar da ta hana ni sakat, kuma nan da mako biyu zan tsaya a gaban shugabannina in yi musu bayani a kanta.

Ina aiki a sashen kwamfuta na wani banki a nan Accra. Asusun masu ajiyarmu yana kan babbar kwamfutar IBM, wadda muke kira menfirem, mallakar uwar kamfaninmu da ke wata ƙasa, kuma mu da rassan wasu ƙasashen Afirka duk a kanta muke, kowane reshe da ɓangaren da aka yanka masa. Rumbun bayananmu Db2 ne na IBM, a kan z/OS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da menfirem. Manhajojin da masu karɓar kuɗi ke amfani da su a rassa yawancinsu da tsohon harshen shirye-shirye na COBOL aka rubuta su, suna gudana a ƙarƙashin CICS, manhajar da ke kula da hada-hadar nan take, sai kuma manhajar waya da ta tura kuɗi tsakanin banki da asusun waya, waɗanda aka rubuta da Java, suna shigowa daga sabobin da ke nan gida. Duk wata ana turo mana kasonmu na kuɗin lasisin manhajojin IBM da dala. Wanda ya ga abin da ya faru a 2022, lokacin da dala ta tashi daga kusan sidi 6 a farkon shekara ta kai wajen sidi 14 a gidajen canji a watan Nuwamba, ya san yadda takardar da ke zuwa da dala take tayar da hankalin mai kula da kasafi.

A bara aka nemi mu sa hannu a sayen ƙarin injin zIIP, wani injin sarrafa aiki na musamman da ake kunnawa a cikin menfirem, aka ce mana duk aikin da ya koma kansa ba a biyan lasisinsa. Ni ne na rubuta takardar goyon baya, aka amince, aka biya, aka kunna injin. Rahoton da nake gani yana nuna cewa da rana yana ɗaukar aiki sosai, amma yau wata shida ke nan, kuɗin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. Tambayata ta farko ke nan: ina kuɗin da aka ce za mu rage ya maƙale?

Ta biyu kuma, saboda wannan abin, wasu daga cikin shugabanni sun fara maganar a bar menfirem gaba ɗaya, a dawo da rumbun nan gida a kan Linux. Wasu na son Oracle, wasu na son PostgreSQL saboda ba shi da kuɗin lasisi, wani mai ba mu shawara kuma ya ce mu ɗauki Db2 na Linux domin Db2 ɗaya ne ko'ina yake, ba sai mun taɓa manhajojinmu ba. Shin haka abin yake? Ina roƙon wanda ya sani ya haska mini, Allah ya saka da alheri.

Baba Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekaru ina kula da irin wannan na'ura a ƙasar waje kafin in dawo gida in huta, kuma abin da ya same ka na gan shi ya sami mutane da yawa, saboda haka ka kwantar da hankalinka. Injin da kuka saya yana yin abin da aka ce zai yi. Abin da ba a yi maka bayaninsa ba shi ne yadda ake auna kuɗin.

Ka fara da sanin cewa injin zIIP da injin gama-gari, wanda ke gudanar da kowane irin aiki, ƙira ɗaya ne, a ma'aikata ɗaya aka yi su, a cikin akwati ɗaya suke. Abin da ya bambanta su shi ne alamar da aka sa wa kowanne, wadda take gaya wa z/OS irin aikin da aka yarda ya tura masa, da kuma sharuɗɗan da aka sa wa hannu. IBM ta fito da waɗannan injuna na musamman ɗaya bayan ɗaya: ICF a 1997 domin haɗa na'urori su yi tarayya a bayanai, IFL a 2000 domin Linux, zAAP a 2004 domin Java, sannan zIIP a 2006, wanda da farko saboda Db2 aka yi shi. A 2009 aka ba da damar aikin zAAP ya gudana a kan zIIP, kuma da z13 ta fito a 2015 sai aka daina zAAP kwata-kwata, zIIP ya gaje shi. Suna da araha a saye, suna gudu da cikakken ƙarfinsu ko da an rage wa injunan gama-gari gudu, kuma ƙarfinsu ba ya shiga lissafin lasisin z/OS da CICS da Db2. Zuwa nan duk abin da aka gaya maka gaskiya ne.

To amma ga yadda ake lissafin a tsarin da aka fi sani, wanda ya fara tun 2000. Ana auna aikin injunan gama-gari da ma'aunin da ake kira MSU. Na'urar tana riƙe da matsakaicin aikin awa huɗu da suka wuce, kullum tana sabunta shi. A ƙarshen wata, wata manhaja mai suna SCRT takan bi bayanan SMF, wato tarihin aikin da na'urar ke rubutawa, daga 2 ga wata zuwa 1 ga wata mai bi masa, ta nemo awa guda da wannan matsakaicin ya fi tsawo idan aka haɗa dukkan ɓangarorin da manhaja take gudana a cikinsu, a aika wa IBM rahoton kafin 9 ga wata ya wuce. A kan wannan awa ɗaya ake biyan kuɗin watan duka. Ka tuna da masu gidajen da ke saukar da fataken goro a Zangon Kumasi a da. A ce maigida ya yi da kai cewa kuɗin masaukin wata zai dogara ne da daren da mutanenka suka fi yawa a gidan. Idan ka rage baƙi goma a kowane dare amma ka bar daren kasuwa cike kamar yadda yake, ko kwabo ba za a rage maka ba. Akwai kuma wani abin da yake ba mutane mamaki: kuɗin Db2 ba a kan aikin da Db2 ya yi ake lissafa shi ba, a kan aikin ɓangaren da yake ciki ne baki ɗaya. Idan wani aikin jera fayiloli da ba ruwansa da Db2 ya ɗaga ɓangaren, kuɗin Db2 da na CICS duk sun ɗagu tare da shi.

Yanzu dubi irin aikin da zIIP yake karɓa. Tambayoyin SQL, harshen da ake tambayar rumbu da shi, da ke shigowa daga waje ta hanyar DRDA a kan TCP/IP, kamar na manhajar wayarku, ana tura masa har kusan kashi 60 cikin 100 na aikinsu. Java yana gudana a kansa. Yana ɗaukar rassan tambayar da aka rarraba don su gudana lokaci guda, da sashen gyaran fihirisa a cikin kayan aikin Db2 na LOAD mai loda bayanai da REORG mai sake jera tebur da REBUILD INDEX mai sake gina fihirisa, da wani yanki na RUNSTATS mai tattara ƙididdigar tebura, kuma tun daga Db2 10 wasu ayyukan cikin gida na Db2, irin su ɗauko shafuka kafin a buƙace su da rubuta su daga baya, sun koma kansa. Amma shirin COBOL da ke gudana da dare yana kiran Db2 a cikin na'urar, da COBOL ɗin da ke ƙarƙashin CICS, waɗannan suna nan daram a kan injin gama-gari. Ka ce da rana injin yana aiki sosai, kuma haka ya kamata, domin da rana ne masu waya suke shigowa. Zatona shi ne awar da ake cajinku a kanta ba da rana take ba, tana cikin aikin dare na ƙarshen wata, lokacin da ake zuba albashi ana lissafa kuɗin ruwa da caji, kuma duk wannan COBOL ne.

Kada wani ya zo maka da dabarar tura COBOL kan zIIP ta bayan fage. An taɓa yi. Wani kamfani a Texas mai suna Neon ya fito da manhajar zPrime a 2009 domin yin hakan, suka shiga kotu da IBM, kuma a 2011 shari'ar ta ƙare da janye manhajar daga kasuwa. Abin da IBM ta halatta a rubuce shi kaɗai ake turawa.

Kafin ranar zamanku, ka nemi abokan aikinka na uwar kamfani su turo maka rahoton SCRT na wata shidan nan, ka dubi rana da awar ƙololuwar kowane wata. Sannan ka nemi rahoton ayyuka na RMF, manhajar da ke auna aikin na'urar, ka nemo gurbin da aka rubuta IIPCP, wanda yake nuna aikin da ya cancanci zIIP amma ya gudana a kan injin gama-gari. Hakan yana faruwa ne idan zIIP ya cika kuma an bar IIPHONORPRIORITY a kan YES, sai injunan gama-gari su kawo masa ɗauki, kuma wannan ɗaukin ana biyan kuɗinsa. Idan lambar tana da girma a awar ƙololuwa, to ƙarin zIIP zai amfane ku. Idan ƙarama ce, maganinku yana cikin jadawalin aikin dare.

Hajiya ta Madina, Accra

Salamu alaikum. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, bayaninka ya wadatar a kan tambaya ta farko. Ƙanena, ni aikina karanta yarjejeniyoyin lasisi ne kafin a sa hannu, don haka zan tsaya a kan maganar ƙaura, domin na ga masu gudun kuɗin wata sun faɗa cikin abin da ya fi shi nauyi.

Kowane kamfani da abin da yake ƙirgawa. A menfirem ana ƙirga ƙololuwar aiki. Oracle kuwa ƙwayoyin inji yake ƙirgawa, wato ƙananan injunan sarrafawa da ke cikin kowane inji, ko suna aiki ko suna zaune, sannan ya ninka da wani ma'auni da ya sa wa kowane irin inji: ƙwayar Intel Xeon rabi ce, ƙwayar IFL kuma ɗaya ce cif. Farashin da ke rubuce a jerin farashinsa na Enterprise Edition dala 47,500 ne a kan kowane lasisi, kuɗin kulawa na shekara kuma kashi 22 cikin 100 na abin da aka saya. Bari mu buga misali. A ce kun sayi saba biyu, kowace tana da inji biyu, kowane inji yana da ƙwaya 16. Ƙwaya 64 ke nan, rabinsu 32, lasisi 32 ke nan, wato dala 1,520,000 kafin rangwame, da dala 334,400 duk shekara. Wannan rumbun ne zalla. Idan kuna son sabobin biyu su riƙe rumbu ɗaya tare, RAC yana da nasa kuɗin, dala 23,000 a kan kowane lasisi, rarraba manyan tebura kuma dala 11,500. Ana samun rangwame mai yawa a wurin ciniki, amma ka san inda ake farawa.

Abubuwa biyu ne suka fi kama mutane. Na ɗaya, Oracle bai ɗauki VMware, manhajar da ke rarraba saba gida-gida, a matsayin katangar da ke iyakance ƙwayoyi ba, saboda haka idan ka ware wa rumbun ƙwaya takwas a cikin gungun sabobi, masu binciken lasisi za su iya ƙirga maka gungun duka. Na biyu, cibiyar ko-ta-kwana. Ba bankin da zai zauna ba shi da ita, kuma rumbun jiran da yake karɓar kwafin bayanai a kai a kai shi ma sai an biya masa cikakken lasisi. Lissafin da na yi a sama sai ka ninka shi. Shi ya sa wasu manyan bankuna suke ɗora Oracle a kan Linux a cikin menfirem ɗin kansa, domin IFL kaɗan suna iya ɗaukar rumbuna masu yawa da ba a lokaci ɗaya suke cika ba, ƙwayoyin da za a ƙirga su ragu. Amma IFL nawa ne za su ɗauki naku aikin, wannan gwaji ne zai faɗa, kada ka karɓi lambar da mai sayarwa ya rubuta a takardar talla.

Db2 na Linux shi ma a kan ƙwayoyi ake biyansa, kuma a tsarin IBM na biyan ƙwayoyin da aka ware kaɗai, sai kun girka manhajar ƙirga da ake kira ILMT kuna ajiye rahotonta. Wanda ya yi sakaci da ita ana iya cajinsa a kan sabar duka. SQL Server tun 2012 ƙwaya-ƙwaya yake sayarwa, bibbiyu a ƙunshi, kuma ba a sayen ƙasa da huɗu ga kowane inji.

PostgreSQL da gaske ba shi da kuɗin lasisi, kuma ina ganin darajarsa ƙwarai a ƙasa irin tamu, domin kuɗinsa na mutane ne, kuma mutane da sidi ake biyansu. Yaran da ke fitowa daga jami'o'in Legon da KNUST sun san shi, alhali mai z/OS sai ka yi cigiya a Accra kafin ka samu. Sai dai banki yana buƙatar wanda zai ɗaga waya da ƙarfe biyun dare idan rumbu ya tsaya, saboda haka kuɗin kamfanin da zai tsaya muku dole ya shiga lissafi. Haka ma kuɗin wuta da janareta da sanyaya ɗaki, waɗanda yanzu uwar kamfani ce ke ɗauke da su. Mu da muka ga shekarun dumsor, lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, ba sai an tuna mana wannan ba. Ka kuma tambayi wanda zai biya shekara ɗaya ko biyu da tsoho da sabo za su yi suna gudana tare, domin a wannan tsakanin kuɗi biyu ake biya.

Mai Rumbu, Asawase

Gaisuwa ga Baba da Hajiya. Malam, maganar da aka gaya maka cewa Db2 ɗaya ne ko'ina ita ce ta sa na ga ya wajaba in yi rubutu, domin na taɓa yarda da ita kuma na sha wahalarta.

Suna ne ɗaya, amma manhajoji uku ne da aka gina daban: na z/OS wanda ya fara fitowa a 1983, na Linux da Unix da Windows, da kuma na IBM i. Harshen SQL ɗinsu ya yi kusa ƙwarai, kuma tambayoyi na yau da kullum suna wucewa ba gyara. Amma yadda ake tsara wuraren ajiye tebura, da sunayen teburan kundin tsarin, da kayan aikin kwafi da maidowa da sake jera bayanai, da hanyar ba da izini wadda a wurinku mai yiwuwa tana hannun RACF, duk sun sha bamban. Kuma ko da rumbun ya ƙaura lafiya, COBOL da CICS da JCL, harshen da ake tsara aikin dare da shi, ba za su bi shi da ƙafarsu ba. A nan ne mafi yawan aikin yake.

Kowane ɓangare yana da abin da ya riga ɗan'uwansa. Tarayyar bayanai, inda na'urori da yawa suke riƙe rumbu ɗaya ta hanyar ICF ɗin da Baba ya ambata, ta zo wa z/OS tun tsakiyar shekarun 1990, har mambobi 32, kuma ita ce take ba da damar sabunta manhaja mamba bayan mamba ba tare da an rufe banki ba. Oracle ya kawo RAC a 2001, Db2 na Unix kuma bai sami pureScale ba sai 2009. Teburan da ke riƙe tarihin kowane layi da lokacinsa sun fara ne a Db2 10 na z/OS a 2010, suka iso na Linux a 2012. A ɗaya hannun, ajiye tebur ginshiƙi-ginshiƙi domin saurin nazari, wato BLU, ya zo wa na Linux a 2013, shi kuwa na z/OS yana miƙa irin wannan tambayar ne ga wata na'urar gaggawa ta daban, wadda asalinta Netezza ce da IBM ta saya a 2010. Haka nan na Linux tun 2009 yana fahimtar harshen PL/SQL na Oracle, abin da na z/OS ba ya yi.

Bari in ba ka abin da ya faru a hannuna. A wani wurin da na yi aiki, mun kwashe teburin asusu daga menfirem zuwa Linux, muka ƙirga layuka suka cika, muka haɗa jimillar kuɗi ta yi daidai har pesewa, muka yi hamdala. Da aka yi gwajin aikin dare sai shirin da ke daidaita fayil biyu ya fara zubar da dubban asusu yana cewa bai ga abokan haɗinsu ba. Kwana uku muna nema. Ashe lambobin asusunmu gauraye ne da haruffa, kuma a tsarin EBCDIC na menfirem haruffa ne suke zuwa kafin lambobi, ƙananan haruffa kuma kafin manya, alhali a ASCII lambobi ne a gaba, sannan manyan haruffa, sannan ƙanana. Asusun da ya fara da A1 yana gaban wanda ya fara da 11 a can, a nan kuma yana bayansa. Fayil ɗaya ya zo da tsohon jeri, ɗayan rumbu ya jera shi da sabo, shirin kuma an rubuta shi ne bisa amanar cewa jerinsu ɗaya. Babu layin da ya ɓata, amma da ranar aiki ce ta gaske da an wayi gari asusun mutane ba su daidaita ba.

Idan Oracle kuka nufa, ku sani yana ɗaukar rubutu marar komai a matsayin NULL, wato alamar cewa ba a sa komai a gurbin ba, Db2 da PostgreSQL kuwa suna bambanta su, kuma wannan kaɗai yana canza sakamakon tambaya ba tare da wani saƙon kuskure ya fito ba. Sannan yadda ake kulle layi ya bambanta. A Db2 na z/OS, bisa al'ada mai karatu yakan jira mai rubutu ya gama. A Oracle da PostgreSQL mai karatu ba ya jira, ana nuna masa hoton layin kafin a taɓa shi. Tsohon shirin da ya dogara da wannan jiran wajen hana cire kuɗi sau biyu daga asusu ɗaya sai an bi shi an sa masa kulle a bayyane.

Akwai gyara ɗaya da za ku iya yi ba tare da kun ƙaura ba. Idan manhajar wayarku tana kiran ajiyayyun tsare-tsare da aka rubuta da COBOL, waɗannan a kan injin gama-gari suke gudana ko da daga waje aka kira su. Waɗanda aka rubuta da SQL zalla, irin da Db2 9 ya kawo a 2007, suna samun rabon zIIP idan ta DRDA aka kira su. Amma ina jan kunne, kada a ɗauki wannan a matsayin dalilin sake rubuta komai, domin SQL ɗin da aka rubuta da gaggawa yana iya cin inji fiye da COBOL ɗin da ya maye gurbinsa, kason da ya rage a kan injin gama-gari ya zo daidai da na da.

Ɗan Nima, Accra

Baba, Hajiya, Malam, na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Na sami rahotannin jiya da yamma kuma na kwana a kansu. Baba, zatonka ya yi daidai, sai dai akwai ƙari. A wata biyar cikin shida, ƙololuwar ta faɗo ne a safiyar da ta biyo bayan daren zuba albashi, tsakanin ƙarfe biyar da shida na asuba agogonmu. Da farko abin ya ɗaure mini kai, domin a lokacin aikin darenmu ya kusa ƙarewa. Sai na tuna cewa matsakaicin awa huɗu ne, saboda haka nauyin ƙarfe biyu da uku yana nan a cikinsa, kuma rassan gabashin Afirka suna gabanmu da awa 3, wato a daidai lokacin suke buɗe ƙofa. Wutsiyar darenmu ce take haɗuwa da safiyarsu. Na kuma ga cewa a wannan daren ne ake gudanar da REORG na manyan tebura biyu da kwafin wata, kuma ɓangaren gwaji yana kunne yana aiki. Lambar IIPCP a wannan awar ƙarama ce.

Abin da nake shirin kai wa shugabanni shi ne a ɗage REORG da kwafin zuwa daren Asabar, a fara aikin albashi da wuri, a tsayar da gwaji a wannan daren, maganar ƙaura kuma a ba ta nata nazarin daban da cikakken lissafin kuɗi kamar yadda Hajiya ta zayyana. Baba, wani abokin aiki ya ce a sa wa ɓangarenmu linzami kawai a huta. Me ka gani?

Baba Aboabo, Kumasi

Madalla, ɗana, ka karanta rahoton yadda ya kamata. Linzamin yana aiki: idan aka ƙayyade wa ɓangare iyaka, ba a cajinsa sama da ita, kuma ana iya haɗa ɓangarori da yawa a ƙarƙashin iyaka ɗaya su riƙa ara wa juna. Amma da zarar matsakaicin awa huɗu ya taɓa iyakar, na'urar za ta matse aikin, kuma idan ba a tsara wa WLM, manhajar da ke raba ƙarfin na'ura tsakanin ayyuka, muhimmancin ayyuka da kyau ba, matsin zai faɗa kan albashin da ma'aikata ke jiran ganinsa da safe. Ka fara gyara jadawalin, ka ga wata biyu, sannan a sa iyakar kaɗan sama da sabuwar ƙololuwar.

Kafin zaman kuma ka tambayi uwar kamfani abu biyu a rubuce. Na farko, wane tsarin biya suke kai, domin tun 2019 IBM tana da Tailored Fit Pricing, wanda a wani nau'insa jimillar MSU da aka ci a shekara ake biya, kuma idan can za su koma, ɗage aiki zuwa Asabar ba zai rage komai ba, amma duk abin da zIIP ya ɗauke da rana zai shiga lissafi. Na biyu, da wane ma'auni suke raba takardar a tsakanin rassa. Idan da kason kowane reshe a awar ƙololuwa suke rabawa, gyaranka zai dawo aljihunku. Idan kuwa da wani kaso ne da aka tsayar tun shekarun baya, to ragin zai watsu a kan kowa, kuma sai ka nemi a sake duba kason kafin ka yi wa shugabanninka alkawarin wata lamba.